Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi Na Tarayya

Zuwa ga Mai Girma Ministan Ilimi na Tarayyar Najeriya, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Na ɗauki alƙalami ne a kan mutum guda da kusan kullum ake mantawa da shi ranar da aka rufe makaranta, wato malamin aji. Duk lokacin da wata masifa ta auku, takardar umarni takan fito cikin sa'o'i kaɗan: a rufe makarantu, a sallami ɗalibai, iyaye su zo su kwashi 'ya'yansu, sai abin da hali ya yi. Takardar takan gaya wa hedimasta ranar da zai sa kwaɗo a ƙofa, amma ba ta gaya wa malamar aji uku abin da za ta yi da yaran da ke cikin rajistarta daga Litinin mai zuwa. Ita ma sai ta naɗe tabarmarta ta koma gida ta zauna jiran sanarwa, tamkar ɗalibanta. Abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne cewa rufe makaranta ya zama abin da muka san zai sake faruwa, don haka iya koyarwa a lokacin da aji yake rufe ya kamata ya shiga cikin sana'ar kowane malami tun daga kwalejin horonsa, kuma mabuɗan wannan gyara suna kan teburinka.

Tarihin shekarun baya-bayan nan ya ishe mu shaida. Bayan kisan ɗalibai a Buni Yadi cikin Fabrairun 2014, Jihar Borno ta rufe makarantun sakandarenta a watan Maris, kafin ma a sace 'yan matan Chibok a Afrilu, kuma wasu daga cikin makarantun sun kai shekara biyu ba a buɗe su ba. A wannan shekarar ce cutar Ebola ta sa aka ɗage komawa makaranta a faɗin ƙasa. A Maris ɗin 2020 korona ta rufe ko'ina. 'Yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta domin jarrabawar WAEC, mafi yawan sauran kuwa sai wajen Oktoba. Ba a gama farfaɗowa ba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamba, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Tegina da Birnin Yawuri, kuma kowane hari yakan jawo rufe makarantun da ko ƙarar bindiga ba su ji ba. Asusun UNICEF ya ce makarantu 11,536 aka rufe daga Disamban 2020 saboda satar ɗalibai da rashin tsaro, abin da ya taɓa karatun yara kimanin miliyan 1.3 a shekarar karatu ta 2020/2021. A Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse, azuzuwa suka koma masaukin 'yan gudun hijira. A Nuwamban 2025, bayan satar ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, ma'aikatarka da kanta ta rufe kwalejojin tarayya sama da 40, jihohi irin su Neja da Katsina da Filato da Bauchi suka rufe nasu. Abin da yake dawowa haka a kai a kai ya fita daga sahun ba-zata. Yaron da ya shiga aji ɗaya a Zamfara a 2019 zai iya lissafa maka zangunan da ya yi a gida da yatsunsa, kuma babu wanda ya biya shi su.

Lokacin korona an yi ƙoƙari, kuma ba daidai ba ne a musanta shi. Jihohi da dama, ciki har da Kano da Kaduna da Legas da Ogun, sun sa darussa a rediyo da talabijin, Edo ta yi amfani da WhatsApp wajen tura wa iyaye aiki. Sai dai idan aka duba yadda aka gudanar da mafi yawan wannan aiki, za a ga an zaɓi 'yan tsirarun malamai ne aka kai su ɗakin watsa shirye-shirye, sauran dubban aka bar su a gida ba aikin fari balle na baƙi. Murya tana fita daga akwatin rediyo, amma babu wanda ya san ko Hassana ta saurara, ko ta gane, ko ma akwai batir a gidansu, alhali malamin da ya san ta, ya san inda karatunta ya tsaya, yana unguwa ɗaya da ita ba a ba shi umarnin komai ba. A Agustan 2020 UNICEF ta ƙiyasta cewa aƙalla yara miliyan 463 a duniya, kusan ɗaya cikin uku na 'yan makaranta, karatun nesa bai kai gare su ba ta kowace hanya, kuma a Afirka kudu da Sahara abin ya kai kusan rabi. Waɗanda ya kai gare su ma, isar murya daban, shigar karatu daban.

Darasin da hukumomi suka ɗauka daga wannan, a ganina, rabinsa ne kawai. An karkata ga na'ura da gini. A Maris ɗin 2022 an ƙaddamar da dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport tare da UNICEF da Microsoft, a Disamban wannan shekarar kuma aka fito da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, na naira biliyan 144.8. Duka biyun suna da amfani, ban raina ko ɗaya ba. Amma ina roƙon Mai Girma Minista ya tuna da Zamfara a Satumban 2021. A ranar 1 ga wata aka sace ɗalibai a Ƙaramar Hukumar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, bayan kwana biyu kuma aka katse layukan waya a faɗin jihar domin aikin soja, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ke nan a mako guda yaro ya rasa aji, ya rasa sabis. Duk wani shiri da ya rataya a kan data da babbar waya ya mutu a daidai wurin da aka fi bukatarsa, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Abin da ya rage a garin shi ne rediyo, da takarda, da malamin da yake zaune cikin jama'a. Wannan na ukun kuwa shi ne ba a taɓa gaya masa yadda zai yi da na farko da na biyu ba.

Zamfara ta koya mana wani abu kuma, wato masifu ba iri ɗaya ba ne, kuma kowace da ƙofar da take rufewa. Annoba tana hana taro amma tana barin waya. Harin 'yan bindiga yana hana tara yara da yawa a wuri guda, musamman makarantar kwana da ke bayan gari, wani lokaci ya tafi da sabis, amma sau da yawa yakan bar damar yara biyar ko shida su zauna a zauren maƙwabci da hantsi. Ambaliya da gudun hijira kuwa suna tarwatsa ajin ne baki ɗaya: littattafai sun jiƙe, ɗalibai sun watsu a sansanoni da gidajen dangi, aikin farko shi ne a gano inda kowa yake. Babu na'ura guda da za ta amsa waɗannan uku. Mutum mai horo ne kaɗai zai dubi halin da ake ciki ya ce yau ta waya za mu bi, gobe ta takarda, jibi ta zaure. Shi ya sa nake cewa jarin da ya fi ƙarko shi ne wanda aka zuba a kan malami, domin shi yana tafiya da iliminsa duk inda gudu ya kai shi. A 2017 UNICEF ta ce malamai kusan 19,000 ne rikicin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa sansani da sana'arsa a ka, ko da bai fita da alli ko ɗaya ba.

Wani zai ce ai malami malami ne, wanda ya iya koyarwa a aji zai iya a ko'ina. Wanda ya taɓa riƙe alli ya san ba haka abin yake ba. Rabin aikin malami a aji da ido yake yin sa: ya ga wanda ya yamutsa fuska ya sake bayani, ya ga wanda hankalinsa ya fita taga ya kira sunansa, ya leƙa littafi ya kama kuskure tun bai yi jijiya ba. Idan aka ɗauke masa fuskokin, an ɗauke masa ma'auninsa. Darasin murya, ko a rediyo ko a saƙon da aka naɗa a waya, yana da ƙa'idojinsa: gajere ne, abu ɗaya yake koyarwa, ana rubuta shi tun kafin a faɗe shi, ana yin tambaya a yi shiru na ɗan lokaci domin yaro ya amsa da bakinsa, ana sa shi ya ɗebo tsakuwa ko ƙwayar wake ya ƙirga, ana maimaitawa ba tare da gundura ba. Tun shekarun 1970 aka gwada wannan salo a Nikaragwa wajen koyar da lissafi ta rediyo, kuma ya bazu zuwa ƙasashe da yawa saboda ya yi aiki. Akwai kuma maganar harshe, wadda take ƙara nauyi idan babu allo babu nuni da hannu. Yaron aji biyu a Gumel ko Gaidam da yake lalube cikin Turanci ko da malami yana gabansa, idan aka bar shi da muryar Turanci zalla daga akwati, hayaniya kawai yake ji. Dole malami ya iya warware darasi da Hausa, ko Kanuri, ko Fulatanci, ko Nufanci, gwargwadon abin da ake ji a gidan. Duk waɗannan abubuwa ne da ake koya, kuma ba a cikin firgici ake koyonsu ba.

Hujja mafi ƙarfi da na sani a kan darajar malami a irin wannan hali ta fito ne daga Botswana. A 2020, da makarantu suka rufe, wata ƙungiya mai suna Young 1ove tare da masu bincike daga jami'o'in Oxford da Columbia suka gwada hanya mai arha a gidaje kusan 4,500. Wasu gidajen an riƙa tura musu 'yan tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako. Wasu kuma, ban da saƙon, ana kiran wayar uba ko uwa na minti 15 zuwa 20, a buɗe murya, mai koyarwa ya bi tambayoyin da yaron. Sakamakon da aka buga a mujallar Nature Human Behaviour a 2022 ya nuna cewa saƙon tes shi kaɗai bai kawo wani canji na a zo a gani ba, amma saƙo haɗe da kira ya ɗaga iya lissafin yaran. Daga baya aka maimaita gwajin a Indiya da Kenya da Nepal da Filifin da Uganda, aka ga amfanin ya fi yawa a Uganda da Filifin, inda makarantu suka fi daɗewa a rufe, aka kuma ga malaman gwamnati sun iya aikin kamar yadda ma'aikatan ƙungiyoyi suka iya. A lura da kayan aikin: ƙaramar waya ce irin wadda take aljihun mai shayi da mai faskare, ba data, ba kwamfuta. Abin da ya bambanta gidan da yaro ya ƙaru da wanda bai ƙaru ba shi ne muryar mutum mai tambaya yana jiran amsa.

Gaskiya ta wajabta in kawo abin da ya saɓa wa wannan, domin na san masu ba ka shawara za su kawo shi. A Saliyo, a wannan lokaci na korona, an gwada sa malamai su riƙa kiran ɗalibai domin ƙarfafa darussan da ake watsawa a rediyo, kuma masu binciken suka ce kiran bai ɗaga makin yaran a jarrabawa ba. Mai neman uzuri zai tsaya a nan ya ce ashe abin caca ne. Ni kuwa abin da na karanta a ciki shi ne cewa kiran waya ba laya ba ce. Salon da aka gina a kan gwajin Botswana ya fi ba da ƙarfi ga gano matakin da yaro yake, ko tarawa ya iya, ko ya kai ɗebewa, ko ya tsaya a rabawa, sannan a koya masa abin da ke gaba da matakinsa kaɗan, a kuma bibiyi masu kiran a tabbatar sun kira. Idan aka ce malami ya kira kawai ya bi darasin da aka tsara wa kowa da kowa, to an ɗauko ciwon ajinmu na kullum ne, inda manhaja take gudu yara suna baya, aka zuba shi cikin waya. Bambancin sakamakon ƙasashen biyu yana ƙara wa maganata ƙarfi ne: ba a miƙa wa malami waya a ce Allah ya ba da sa'a. Sai an horar da shi, an ba shi tsari, an kuma duba aikinsa.

Akwai wani aikin da ya fi darasi gaggawa, wanda ba na jin ana ambatonsa a tarukan bita, shi ne riƙe igiyar da ta ɗaure yaro da makaranta. A ƙauyukanmu idan rufewa ta yi tsawo, ba zama yara suke yi suna jira ba. Namiji ya bi 'yan ci-rani, ko ya shiga ramin haƙar zinare, ko ya kama acaba. Mace a ɗora mata talla, idan ta tasa kuma magana ta zo, iyaye su ga babu dalilin jinkiri tunda babu ranar komawa. Saliyo ta ga haka a lokacin Ebola, inda makarantu suka yi wajen wata tara a rufe, dubban 'yan mata suka yi ciki, da yawa ba su sake ganin aji ba. Malamin da yake leƙowa ko yake kira sau ɗaya a mako yana gaya wa gidan, ko bai furta ba, cewa sunan yarinyar nan yana nan a rajista kuma ana jiran ta. Amma ta yaya zai kira idan makarantar ba ta da lambar kowa? Rajistarmu ta saba ɗaukar suna da shekaru, ba ta damu da lambar wayar uba, ko ta maƙwabcin da za a iya samu, ko sunan unguwa da mai unguwa, ko garin da iyalin za su nufa idan gudu ya kama ba. Littafi ne na 'yan nairori, amma ranar da gari ya watse ya fi kwamfutar hannu ɗari amfani. Haka nan takardun aiki na mako biyu ko uku, waɗanda aka buga tun da kwanciyar hankali aka ajiye, a raba su ranar sallama, a riƙa karɓa ana musanyawa a ƙofar gidan mai unguwa ko ranar kasuwa. Haka nan sanin wa zai taimaka a kowace unguwa: yayar da ta gama sakandare, mai takardar NCE da bai sami aiki ba, malamin Islamiyya da yake da zaure da amincewar iyaye. Karatu a zaure ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa; da shi muka san karatu tun kafin a gina aji.

Ba daga waje za mu aro gwanintar nan ba, ranka ya daɗe, tana ƙarƙashin ma'aikatarka. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, an kafa ta ne a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya, domin ta horar da malamai daga nesa ta hanyar darussan da aka buga da cibiyoyin haɗuwa na ƙarshen mako. Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989 kuma ita ma take Kaduna, ta daɗe tana amfani da rediyo wajen isa ga mutanen da ba sa zama wuri ɗaya, kuma masu sauraron Rediyon Najeriya Kaduna sun san shirin Don Makiyaya a Ruga. Ƙasar da ta yi kusan rabin ƙarni tana koyar da malamanta daga nesa bai kamata a ce ta rasa yadda za ta koya musu su koyar daga nesa ba.

Ga abin da nake roƙo. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi, NCCE, ita take tsara mafi ƙarancin abin da kowane ɗalibin NCE zai koya. A umarce ta ta sa koyarwar gaggawa daga nesa a ciki a matsayin darasi na dole, kuma na aikatawa, yadda babu wanda zai kammala koyarwar gwaji sai ya rubuta darasin murya ya naɗa shi, ya yi kiran koyarwa a gaban mai duba shi, ya kuma tsara takardun aiki na mako biyu. Waɗanda suke bakin aiki kuma, hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, ta daɗe tana ware wani kaso na kuɗinta domin ƙara wa malamai sani. A karkatar da wani ɓangare zuwa wannan, NTI ta ɗauki nauyin horon, a yi shi a gungun makarantu kusa da inda malamai suke, ba a otal ɗin babban birni ba inda ake zaɓen 'yan lele a raba alawus a watse. Hukumar rajistar malamai, TRCN, ta sa shi cikin sharuɗɗan sabunta lasisi. Abin da na fi ba muhimmanci kuwa shi ne atisaye: rana ɗaya a kowane zango, kowace makaranta ta yi kamar an rufe ta. Yara su zauna a gida da takardunsu, malamai su kira ko su zaga, washegari a zauna a ƙirga yara nawa aka samu, lambobi nawa suka mutu, wace unguwa ce ba a kai gare ta ba. Rana ɗaya a zango ba asara ba ce idan aka gwada ta da watannin da muke zubarwa, kuma ita ce kaɗai hanyar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma zai san gaskiyar shirinsa kafin ranar da za a nemi shirin.

Na san za a ce malaman da da yawansu aikin aji ma yana gagararsu, ina su ina wannan? Za a tuna mana da Kaduna a 2017, inda gwamnatin jiha ta ce malamai 21,780 sun kasa cin jarrabawar da aka yi musu a matakin aji huɗu. Ban musanta raunin ba, kodayake na san akwai jajirtattu masu yawa da ake yi wa kuɗin goro da sauran. Amma a dubi abin da horon ya ƙunsa: gano matakin yaro, koyar da abu ɗaya a lokaci ɗaya, yin tambaya a jira amsa, bayani da harshen da yaro yake ji, sanin iyaye da gidajensu. Wanne ne a cikin waɗannan ba ya gyara aji na yau da kullum? Malamin da ya koyi tantance ko yaro ya iya ɗebewa cikin minti uku a waya, zai yi haka a aji ranar da babu wata masifa. Malami mai rauni kuwa shi ya fi kowa bukatar rubutaccen tsari da zai bi. Saboda haka ko da Allah ya sa ba a sake rufe makaranta ko ɗaya ba, kuɗin bai faɗi ƙasa banza ba.

Ƙorafin da ya fi taɓa zuciya shi ne na masu cewa shirya wa rufe makaranta miƙa wuya ne ga 'yan bindiga, kuma zai ba gwamnoni uzurin gaggawar sa kwaɗo. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ina tare da su a kan cewa babu abin da zai maye gurbin aji mai tsaro. Najeriya ta sa hannu a Yarjejeniyar Kare Makarantu, har ta karɓi baƙuncin babban taronta a Abuja a Oktoban 2021, kuma wajibi ne ta cika alkawarin. Sai dai gwamnoni ba su taɓa jiran wani shiri kafin su rufe makarantu ba. Suna rufewa ne babu komai a ƙasa, yara su tafi hannu rabbana. Wanda ya tanadi guga bai gayyaci gobara ba. Hasali ma shirin da nake magana a kai yana ɗaure hukuma ne: idan doka ta ce duk takardar rufewa sai ta zo da umarnin ci gaba da karatu, da rahoton mako-mako na yaran da aka samu, da ranar da za a sake duba matakin, to rufewa ta daina zama hanyar wanke hannu. Amma a nan dole in yi magana a madadin malamai. Kada a ɗora musu wannan a kan albashin da ba ya kai su tsakiyar wata, a ce su sayi katin waya daga aljihunsu. A ba su kuɗin kira, a biya albashi a kan kari ko makaranta tana rufe, kada kuma a tura kowa zagaye a inda jami'an tsaro da masu gari suka ce akwai haɗari; mataimakin shugaban makarantar Maga a bakin aikinsa aka kashe shi. A kuma kafa ƙa'ida mai tsauri domin kare yara: kira ta wayar iyaye ne, murya a buɗe, babba yana wurin, da rana. Da haka ne magidanci zai yarda malami ya yi magana da 'yarsa.

Saura maganar hurumi. Gaskiya ne makarantun firamare da mafi yawan na sakandare na jihohi da ƙananan hukumomi ne, kuma Minista ba ya ɗaukar malamin firamare aiki a Bakori ko Bama. Amma NCCE da TRCN da NTI da UBEC da hukumar tsara manhaja duk a ƙarƙashinka suke, kai kake shugabantar Majalisar Ilimi ta Ƙasa inda kwamishinonin jihohi 36 suke zama, kuma kwalejojin tarayya naka ne kai tsaye, babu gwamnan da za ka nemi izninsa kafin ka fara atisaye a cikinsu. Hukumar sadarwa da ta iya ba da umarnin katse layuka a jiha guda cikin kwana ɗaya, za a iya zama da ita da kamfanonin waya a samar wa malamai masu rajista layin kira mai rangwame a lokacin rufewa. Gidajen rediyon gwamnati suna nan a kowace jiha. A ƙulla yarjejeniyar sa'o'in darasi da su tun yanzu, a naɗi darussan a ajiye, kada a tsaya cinikin kuɗin iska ranar da gari ya rikice. A cikin duk abin da na lissafa babu katafaren gini, babu shigo da kaya daga waje, wataƙila ma shi ya sa bai sami masu tallata shi ba. Kai ne za ka zame masa mai magana.

Ranka ya daɗe, ina roƙon ka kai wannan batu gaban zaman Majalisar Ilimi ta Ƙasa mai zuwa, ka ba NCCE da NTI wa'adin fito da darasin da jadawalin horon, ka sa kwalejojin tarayya su yi atisayen farko kafin wannan shekarar karatu ta ƙare, sannan ka ba da umarni cewa daga yau duk takardar rufe makaranta da za ta fita daga ma'aikatarka ta zo da shafi na biyu, wanda yake gaya wa malamin aji abin da zai yi ranar Litinin.

Allah ya ba ka ikon yi, ya kuma tsare mana 'ya'yanmu da malamansu.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan ƙasa mai kishin makarantun gwamnati.